Sharhi: farin fenti mai ratsin ruwan madara a bangon cikin gida

Farin fenti iri-iri ne. Akwai fari tas mai ɗaukar ido, akwai kuma wanda aka ɗiga wa ɗan rawaya ko ɗan ruwan ƙasa har kaifinsa ya kwanta, ya koma kamar ruwan madara. Wannan na biyun shi ne abin sharhi, kuma bayan amfani da shi a falo, ɗakin kwana da baranda, hukuncina shi ne: launi ne mai kyau ƙwarai, amma hasken ɗaki ne ke yanke masa kamanni, ba hoton da ke jikin bokiti ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake haskaka ɗaki ba tare da ya gajiyar da ido ba. Kamfanonin fenti suna da ma'aunin yawan hasken da launi ke mayarwa, LRV, daga 0 zuwa 100. Irin wannan farin yakan faɗa wajen 75 zuwa 85. Misali, launin Alabaster na kamfanin Sherwin-Williams yana kan 82, launin White Dove na kamfanin Benjamin Moore kuma wajen 83. Idan lambar ta sauka ƙasa da 70, an bar fari an shiga launin yashi. Yana kuma jituwa da katako, tagulla da labule masu launin ƙasa, sannan ƙura ba ta saurin tona masa asiri kamar yadda take yi wa fari tas.

Inda ake shan mamaki shi ne wajen fitila. Ƙwan lantarki na 2700K (K ma'aunin launin hasken ƙwai ne) haskensa rawaya ne, idan ya haɗu da rawayan da ke cikin fentin sai bango ya yi kamar ya tsufa tun daren farko. Na 6500K kuma haskensa na da shuɗi-shuɗi, yana kashe ɗumin launin ya bar shi kamar fari mai datti. Tsakanin 3000K da 3500K ne ya fi fito da shi yadda ake so. Kuma kada a gauraya ƙwai iri biyu a ɗaki ɗaya, don bango zai rabu gida biyu. Rana ma tana da nata: tagar da ke kallon yamma takan mayar da shi kusan ruwan zuma da la'asar, bishiya a bakin taga kuma takan watsa masa kore.

Saboda haka gwaji wajibi ne. A shafa fentin sau biyu a kan farin kwali mai faɗin santimita 50 kowane gefe, a jingina shi a bango daban-daban, a duba da safe, da rana, da dare. Kada a shafa gwajin kai tsaye a kan tsohon launi, domin tsohon zai ruɗi ido. A kuma ajiye kwalin kusa da tayil. Idan tayil ɗin ruwan toka ne mai sanyi, bangon zai fito rawaya fiye da yadda yake.

Ga lissafi. Lita ɗaya ta fentin ruwa tana rufe murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya. Ɗaki mai mita 4 da 4, tsayi mita 3, bangonsa murabba'in mita 48 ne. A cire ƙofa da taga, a ce saura 43. Shafi biyu zai ci wajen lita 8. Idan bokiti ya wuce ɗaya, a juye su wuri guda a gauraya kafin a fara, domin a launi mai haske ɗan bambancin haɗi yana fitowa fili a tsakiyar bango.

Rauninsa babba shi ne bai iya rufe abin da ke ƙarƙashinsa ba. A kan bango mai duhu sai an fara da firaima, wato fentin share fage, in ba haka ba shafi uku ma ba zai wadatar ba. Tabon ruwa da na hayaƙi suna ɓullowa ta cikinsa komai kaurin shafin, sai an toshe su da firaima mai hana tabo, bayan an gyara inda ruwan ke shigowa. Sabuwar filastar siminti kuma a bar ta ta bushe aƙalla kwana 28, don danshi da gishirin siminti suna sa fenti ya yi dabbare-dabbare ya ɓare.

A bar awa 2 zuwa 4 tsakanin shafi da shafi, a yi aiki da rola mai gashi milimita 9 zuwa 12, a kammala bango guda kafin a huta don kada sawun rola ya fito. Marar sheƙi ya fi ɓoye lanƙwasar bango, amma a baranda da kicin gara mai ɗan sheƙi da ke jure goga. Ƙofa da firam a yi musu fentin ruwa mai sheƙi, domin fentin mai yana rikiɗa zuwa rawaya da kansa, musamman inda rana ba ta kaiwa. Kada a wanke bangon da soso sai ya yi mako 3 zuwa 4, lokacin ne fentin ke gama ƙarfi.