Aikin Injiniya: Katafaren Kamfani ko Ƙarami?

Matasan da suka kammala karatun injiniyanci sukan yawaita tambayata ko su nemi aiki a katafaren kamfani irin Siemens, kamfanin Jamus mai ƙera kayan lantarki da na masana'antu, wanda aka kafa a Berlin a 1847, ko kuwa su shiga ƙaramin kamfani.

Ta fuskar horo, babban kamfani ya yi zarra. Sabon injiniya yakan shafe watanni a ƙarƙashin gwani yana koyon tsara na'urar da ke sarrafa injinan masana'anta, kuma ba ya taɓa akwatin lantarki sai an kashe wuta, an garƙame makunni da kwaɗo, an rataya alama mai ɗauke da sunansa. A ganina wannan tarbiyya ta fi albashi daraja, domin ita ke raka mutum har ƙarshen aikinsa. Sai dai aikin a rarrabe yake, kuma ko ƙaramin gyara ne sai ya jira sa hannun shugabanni da dama.

A ƙaramin kamfani kuwa, kai ne mai zane, kai ne mai sayo kaya, kai ne mai fuskantar abokin ciniki idan inji ya tsaya. Ana saurin gogewa, amma albashi ya dogara da samun kwangila. Babban kamfanin ma sauyin tsari yakan girgiza shi, kamar yadda Siemens ya ware sashen makamashinsa ya mai da shi kamfani na daban a 2020.

Mai neman zurfin ilimi da tsayayyen albashi, babban kamfani ya fi dacewa da shi. Mai burin kafa nasa wata rana, wanda zai iya jure rashin tabbas, ƙaramin zai fi amfanar sa.