Na kai ɗalibaina ziyarar babban filin ƙwallo: ga abin da na gani

Na daɗe ina koyar da wasannin motsa jiki, kuma duk ƙarshen zango abin da muke ba yaran da suka yi ƙoƙari bai wuce takardar yabo da lambar ratayawa a wuya ba. Bana hukumar makaranta ta ce a sauya salo, a kai su babban filin wasan ƙwallon ƙafa, irin ziyarar nan da filaye ke shirya wa makarantu a ranakun da babu wasa. Ni aka ɗora wa zaɓen yaran da yi musu rakiya.

Tun kafin mu hau mota aka kai ruwa rana a kan wa zai je. Gurbi talatin aka ba mu. Wasu malamai suka ce a kwashi ƙungiyar da ta ciyo kofi, magana ta ƙare. Na ƙi. Na buɗe littafin da nake rubuta masu zuwa atisaye, na ɗauki waɗanda ba sa fashi. Da haka 'yan mata masu tsere suka samu shiga, da wani yaro da kullum yake benci amma shi ke riga kowa zuwa ya ɗauko buhun ƙwallaye. Ɗan wasan gabanmu da ya fi kowa zura ƙwallo bai shiga ba saboda yawan fashi, har mahaifinsa ya zo ofis. Abin ya taɓa mini zuciya, don yaron yana da baiwa, amma har yau ban ga na yi kuskure ba.

Rajista ba ta ba mu wahala ba. Fom ne a intanet, suka tambayi adadin yara, shekarunsu, da ko akwai mai buƙata ta musamman. Cikin kwana biyu suka amsa.

Jagorarmu ta fara da ɗakin kofuna. Yara suka leƙa, suka ɗauki hoto, kafin minti biyar hankalinsu ya yi gaba. Kofi a bayan gilashi ba ya ce wa yaro komai. Ɗakin canza kaya ya fi jan su: rigunan 'yan wasa a rataye kowa da gurbinsa, allon da koci ke zana dabara a hutun rabin lokaci, da bahon ruwan ƙanƙara da ɗan wasa ke shiga bayan an tashi. Jagorar ta tuna musu cewa hutun nan minti 15 ne kacal, a cikinsa za a sha ruwa, a duba rauni, a gyara kuskure. Daga nan aka jera su layi biyu a hanyar fitowa, aka kunna sautin ihun 'yan kallo. Waɗanda suka cika mota da surutu duk suka yi tsit.

Amma abin da ya biya mini wahalar tafiyar ba ya ma cikin tsarin ziyarar. A bakin fili muka tarar da wani dattijo mai kula da ciyawa yana duba bututun ban ruwa. Wata yarinya ta gaishe shi ta ce, "Baba, fenti kuke shafa wa ciyawar ne take layi-layi?" Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya kira su su matso. Ya tsuguna, ya shafa ciyawar da tafin hannu zuwa gaba sai ta yi haske, ya shafo ta baya sai ta yi duhu. Ciyawa ɗaya ce, injin yanka ne ke kwantar da ita nan gaba can baya, hasken rana ya ƙarasa sauran. Yara talatin suka durƙusa a bakin layi kowa yana gwadawa da hannunsa. Ya nuna musu manyan fitilun da ake turawa kan ɓangaren da rumfar 'yan kallo ke kare wa rana don ciyawar ta tsiro, ya kuma bayyana dalilin jiƙa fili dab da fara wasa: ƙwallo ta fi gudu a kan ciyawa mai laima.

Shi ne ya gaya musu tsawon filin mita 105 ne, faɗinsa 68, kuma daga ɗigon fenareti zuwa layin raga mita 11. Golanmu, wanda ya saba da ƙaramar ragar makaranta, ya zagaya bayan raga ya ware hannuwansa. Faɗinta mita 7.32, tsayinta 2.44. Ya daɗe yana kallon wannan tirke da wancan, sannan ya juyo ya ce, "Malam, duk wannan mutum ɗaya ke tsarewa?" Na yi shekara biyu ina gaya masa gola da ƙafa yake aiki kafin hannu, sai ranar na ga maganar ta shige shi. Kafin mu wuce, dattijon ya nuna musu kyamarorin da ke maƙale a rufi suna gadin layin raga. Tun 2012 aka amince da wannan fasaha, kuma idan ƙwallo ta tsallake layi gaba ɗayanta, agogon hannun alƙalin wasa kan sanar da shi cikin daƙiƙa ɗaya.

Duk wannan bai kai minti goma sha biyar ba aka ce mu yi gaba, wata makarantar na bayanmu. Nan ƙorafina ya fara. An cusa rukuni-rukuni kusa da juna har ba a barin yaro ya gama tambaya. Jagora ɗaya ce ga yara talatin, ba lasifika, na baya ba sa jin komai. Atisaye da koci da aka yi mana alkawari a takarda ya zama ɗan guje-guje na minti ashirin a ƙaramin fili na gefe, wasu ba su taɓa ƙwallo sau uku ba. Sannan da wata ɗalibata ta tambayi ina hotunan ƙungiyar mata, amsar da ta samu ba ta taka kara ta karya ba. A mota na ba su labarin cewa tun 1991 aka fara gasar cin kofin duniya ta mata a ƙasar Sin, amma da a bangon filin suka gani da ya fi tasiri.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne ƙofar fita. Dole sai ta cikin kantin ƙungiyar. Wannan tafiya lada ce, an zaɓi yaran ne da guminsu, kowa daidai da kowa tun safe. A minti goman ƙarshe sai ga masu kuɗi a aljihu suna layin biya, sauran sun tsaya bakin ƙofa suna kallon ƙasa. Yaron nan mai ɗauko buhun ƙwallaye yana cikinsu. Na kira su waje na ce mu ƙirga kanmu, don kawai in raba su da wurin.

Duk da haka zan sake kai wasu baɗi, kuma ina ba kowane malamin wasanni shawarar ya gwada. Da muka dawo na rubuta wa masu filin na gode musu, na nemi abu uku: a raba yara gida biyu kowa da jagoransa, a sa ganawa da masu kula da ciyawa cikin tsarin ziyarar, a kuma fitar da ɗalibai ta wata ƙofar. Sun amince da biyun farko. Na kanti sun ce za su duba, ni kuma na gaya musu ba zan cike fom ɗin baɗi ba sai na ji amsarsa.