Gidan gem ɗin Samaru mai darbejiya a baya

Duk wanda yake Samaru ya san yawancin gidajen gem ɗinmu ƙwallo ce kawai, ka shiga ka tarar ana ta ihun Madrid da Barca har kai ya yi ciwo. Wannan da nake zuwa yana wani lungu ba nisa da ƙofar ABU, PS4 huɗu gare shi da PS5 ɗaya, kuma mai wurin ya ware tibi guda a ƙurya saboda irinmu masu wasan takobi da sihiri. Wata uku kenan ina buga Elden Ring a wurin, wanda kamfanin FromSoftware na Japan ya fitar a 2022, mai wurin yana ajiye min wasana ba yaron da ke taɓawa, wallahi wannan kaɗai ya isa in riƙe shi.

Kuma ya san wasan, ba karɓar kuɗi kawai ya iya ba. Ranar farko ina fitowa Limgrave, yankin farko na wasan, na nufi mahayin dokin nan mai sulken zinariya, Tree Sentinel, ya ce ɗan'uwa kewaye shi, ba sa'anka ba ne tukuna. Shi ya nuna min in fara zuba runes ɗina, wato kuɗin cikin wasan, a ɓangaren Vigor don jini ya yi tsawo, in samu dokina Torrent, in gangara kudu Weeping Peninsula in yi ƙwari kafin in tunkari fadar Stormveil, sannan in riƙa kiran kyarketan nan uku da wasan ke ba ka don taimako su ɗauke hankalin abokin gaba ni kuma in sara ta baya.

Matsalarsu wuta. In aka ɗauke sai a yi minti ashirin ana fama da janareta, ga hannun gem ɗaya, wato abin da ake riƙewa a buga, da sandarsa ke jan mutum hagu, na yi magana sau biyu har yau ba a canza ba, a wasan da kuskure ɗaya ke kashe ka wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ɗauke wutar ce ke fitar da mu bayan shagon, akwai benci ƙarƙashin darbejiya da 'yar rama da wani ya shuka jikin katanga. Wata la'asar cikin damina, Margit, babban abokin gaban da ke tare hanyar Stormveil, ya kashe ni ya fi sau goma sha biyar, na fito raina a ɓace, sai ga hawainiya kan reshe dab da kafaɗata, koriya shar. Ido ɗaya na kaina ɗaya na kan wata fara. Ta ɗaga ƙafa ta tsaya, ta yi gaba ta yi baya kamar iska ke kaɗa ganye, na ƙosa har na kusa tashi, sai kawai harshe ya fita fat, fara ta ɓace, ban ma ga lokacin ba.

Nan na gane abin da Margit ke min. Yana ɗaga sanda ya riƙe ta a sama, ni kuma tsoro ya sa in mirgina da wuri, ina miƙewa duka na sauka. Da inji ya tashi na koma na daina kallon ɗagawar, sai saukowar nake jira, in mirgina ta cikinsa, sara ɗaya ko biyu in ja baya in bar ƙarfina ya dawo. A karo na uku ya faɗi, har 'yan ƙwallo suka juyo.

In za ka je ka je da safe kafin ɗalibai su fito lacca, kuma ka gwada hannun kafin ka biya.