Matoshin kunne mai tace sauti a wasan kiɗan rok: abin da ya rage da abin da ya bari

Na daɗe ina ganin cewa wanda ya toshe kunnensa a wajen wasan kiɗan rok tamkar wanda ya sayi tikiti ne, sannan ya tsaya a bakin ƙofa. Ai ƙarar ce ta fito da mutum daga gida, domin in don waƙar ce kawai, tana nan cikin wayarsa. Abin da ya sa na sake tunani shi ne wani dare da na tsaya kusa da lasifika har aka tashi, na koma gida kunnena na hagu yana ta ƙugi, bai lafa ba sai bayan kwana biyu. Daga nan na sayi irin matoshin kunnen da ake yi wa makaɗa da masu zuwa kallonsu, kuma yanzu na shiga wasa uku da shi, biyu a rufaffen zaure, ɗaya a fili.

Abu ne ɗan ƙarami na roba mai laushi, mai tudu uku a jere da ke kama bangon kunne, kuma a tsakiyarsa akwai siririn rami da aka sanya wa matata. Wannan matatar ce ta bambanta shi da na soso da ake sawa a masana'anta ko lokacin barci. Na soso ya fi danne siririn sauti, sai kiɗan ya koma kamar daga ɗakin maƙwabci yake fitowa, babu komai sai dukan ganga. Mai matata kuwa yana rage kowane sauti kusan daidai wa daida, kamar an murɗa maɓallin rediyo ƙasa. Kwalin nawa ya ce yana rage kusan desibel 20 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), amma hakan sai an saka shi yadda ya kamata, wato a ɗaga kunne sama da ɗaya hannun sannan a murza shi a hankali ya zauna. A karon farko ban yi haka ba, sai da waƙa biyu suka wuce kafin na gane cewa na dama bai shiga ba.

Adadin nan na 20 ba ƙaramin abu ba ne, domin ma'aunin desibel ba ya tafiya kamar ƙidayar yau da kullum. Duk ƙarin desibel 3 ninki biyu ne na ƙarfin sautin da ke dukan kunne, shi ya sa masana lafiyar ma'aikata ke cewa mutum zai iya jure desibel 85 na tsawon awa takwas, amma a desibel 100 minti 15 ne kawai. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa, inda ta nemi kada matsakaicin ƙara ya wuce desibel 100, alhali wasan rok kan kai awa biyu ko fiye. Su kansu masu sana'ar sun ji a jikinsu. Pete Townshend na ƙungiyar The Who, wadda wasanta na 1976 a Landan ya shiga kundin Guinness da desibel 126, ya sha bayyana yadda yake fama da ƙugin kunne, kuma a 2016 Brian Johnson, mawaƙin ƙungiyar AC/DC, ya dakata da rangadi bayan likitoci sun gargaɗe shi cewa zai iya kurumcewa.

Tambayar da ta fi damuna ita ce ko abin zai sace mini daɗin wasan. A ɗaya daga cikin wasannin, na tsaya dab da teburin injiniyan sauti, wanda a ganina nan ne wuri mafi kyau a kowane zaure, tunda daga nan ake daidaita abin da kowa zai ji. Da aka kashe fitilu, mutane suka ɗau ihu tun ba su ga kowa ba, sai mai ganga ya taka babbar gangarsa ta ƙafa, na ji dukan a ƙirjina da tafin ƙafata, har rigata tana rawa. Matoshin bai taɓa wannan ba ko kaɗan, domin irin wannan kakkauran sauti ta jiki yake shiga, kuma shi ne abin da babu wayar da za ta iya ba mutum. Abin da ya ba ni mamaki shi ne gitar. A baya, idan mai gita ya shiga kiɗansa shi kaɗai, kan zame mini tsawa guda mai yanka kunne, amma a wannan daren na bi yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, har na ji inda ya zame ya gyara yana dariya da mai gitar bas. Irin wannan ɗan kuskuren, wanda a faifai da an goge shi, yana cikin abubuwan da har yau nake tunawa. Kalmomin mawaƙin ma sun fito sarai, kuma da abokina ya yi mini magana a kunne na ji shi ba tare da ya maimaita ba.

Aibinsa ya bayyana ne a lokacin da ya fi kowane muhimmanci. Akwai wurin da mawaƙin ya yi shiru, ya miƙa makirufo wajen jama'a, dubban mutane suka karɓi amshi da murya ɗaya. Duk wanda ya saba zuwa irin wannan taro ya san nan ne tsikar jiki ke tashi, kuma shi ya sa ake ta maganar minti ashirin ɗin da ƙungiyar Queen ta yi a filin Wembley ranar 13 ga Yuli, 1985, lokacin da mawaƙinta Freddie Mercury ya riƙa jefa murya, mutum kusan 72,000 suna mayar masa. To da na buɗe baki zan shiga amshin, sai na ji muryata tana amo a cikin kaina kamar na sa kai a tulu, ta rufe ta sauran mutane. Dalili shi ne idan aka toshe ramin kunne, sautin da ke bi ta ƙashin kai ba ya samun hanyar fita. Mutum ya je ne don muryarsa ta ɓace cikin ta jama'a, sai ga shi ba ya jin kowa sai kansa, ni kuwa ba ni da muryar da zan so in saurara ni kaɗai. Dole na zare su na riƙe a hannu har amshin ya ƙare. Haka na yi kuma a waƙar da aka yi da gitar katako kaɗai, domin a nan matatar ta ɗan dusashe ƙyallin tsirkiyar.

Sauran ƙorafin ba su da yawa. Bayan awa biyu kunne kan fara ƙaiƙayi, musamman idan gumi ya shiga, kuma ƙanƙantarsa ta sa idan ya faɗi cikin duhu da turmutsitsi sai dai a haƙura, don haka mai igiya ya fi. Wanda ke zuwa wasa duk wata, ko yake kiɗa da kansa, gara ya je wurin likitan ji a auna kunnensa a yi masa nasa, domin irin wannan yana shiga ciki sosai, abin da ke rage amon muryar da na ambata. Ga mai zuwa jefi-jefi irina, wannan na roba ya wadatar.

A wasa na uku, bayan makaɗan sun yi sallama jama'a sun ƙi tafiya sai da suka dawo suka ƙara waƙa biyu, mun fito waje na cire matoshin na mayar da shi cikin 'yar kwalbarsa da ke jikin makullina. Abokina, wanda ya ƙi sawa, yana ta ɗaga murya yana tambayata ko na ji abin da ya ce, ni kuwa ina jin har takun mutanen da ke bayanmu.