Kazar da ake saya wa ɗan'uwan tunku a Ingila

'Yan uwa na gida, a kantin abincin dabbobi a nan Ingila akwai firiza mai murfin gilashi, cike da ledoji: wuyan talotalo, zuciyar kaza, fiffiken agwagwa, da 'yan tsakin kwana ɗaya daskararru, jere da gashinsu. A jikin kowace leda an buga nauyi, da ranar da za ta lalace, da lambar masana'anta. Cikin masu cin wannan nama har da feret, wata 'yar dabba mai dogon jiki da wari, kamar tunku ya rame. Mu muna bin tunku da sanda don kada ya shiga akurki, Turawa kuwa kuɗi suke zarewa su sayo wa feret kazar.

Da farko abin dariya ne, sai ka ji dalilinsu. Feret nama kaɗai cikinsa ya sani. Hanjinsa gajere ne, abinci na ratsa shi cikin awa 3 zuwa 4, don haka hatsi da kayan zaƙi cuta suke ja masa. Namiji kan kai kilo 1 zuwa 2, kuma a yini yana cin kamar kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyinsa.

Masu ba shi ɗanye suna bin awo: kashi 80 cikin ɗari tsoka, 10 ƙashi, 10 kayan ciki, rabin kayan cikin hanta. Ƙirjin kaza, da Bature ke rububi, shi ne mafi ƙarancin amfani a nan, don ba kitse, feret kuwa da kitse yake samun ƙarfi. Cinya da fatarta ta fi, agwagwa ta fi su maiƙo. Zuciya ba a wasa da ita saboda wani sinadari da ke cikinta mai suna taurine, wanda jikinsa ke buƙata. Hanta in ta yi yawa sai zawo. Tsoka zalla babu ƙashi kuma, bayan watanni ƙashin dabbar ya yi laushi don rashin kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Shi ya sa ake sara fiffike da wuya ana ba shi ɗanye. Dafaffen ƙashi kuwa kul, tsagewa yake kamar tsinke ya huda hanji. Gishiri, albasa, tafarnuwa, duk babu. Wato ragowar farfesunmu guba ce a wurinsa, ni kuwa da zan sami kwano ɗaya na farfesun kazar Hausa yau da na gode Allah. Kajin nan laushi kamar auduga, ba ɗanɗano.

Wajen tsabta ne jikina ya yi sanyi. Firiza tana kan digiri 18 ƙasa da sifiri, amma sanyi ba ya kashe ƙwayar cutar salmonela, kwantar da ita kawai yake. Don haka a cikin firji ake narkar da naman, a roba mai murfi, a ƙasa, kada ruwansa ya ɗiga kan abincin mutane. Wuƙarsa daban, katakon yankansa daban. Feret na da halin ɓoye nama a lungu, sai an bi an kwashe kafin ya ruɓe.

Sai murar tsuntsaye. Feret na kamuwa da mura kamar mutum, da shi ma aka fara gano ƙwayar murar ɗan Adam a Landan a 1933. A 2023 kuliyoyi sun mutu a ƙasar Folan da nau'in murar tsuntsaye da ake kira H5N1, aka yi ta zargin ɗanyen naman kaji. Wanda ya tsorata sai ya dafa tsokar har cikinta ya kai digiri 74, ya bar ƙashin, ya zuba garin ƙashi na kanti a madadinsa.

To ku tuna, a jihar Kaduna wannan nau'i na H5N1 ya fara bayyana a Afirka, a Fabrairun 2006. Amma je ka wajen masu fige kaji: tukunya ɗaya ta ruwan zafi tun safe, kaza ɗari ta yi wanka a ciki, ruwan ya koma kamar kunu, a ɗauraye a baho guda a ƙulla maka a baƙar leda. Kaza ta fara gyangyaɗi, maimakon a binne sai a ce a yi maza a sa mata wuƙa. Mai gona ya ɗirka wa kaji magani yau, jibi suna kasuwa, alhali a jikin kwalin an rubuta kwanakin da za a jira. Kajin kwali da ake shigowa da su ta Kwatano kuwa, su narke a hanya, a daskarar, a ɗauke wuta su sake narkewa.

A nan Ingila masana'antar da ke haɗa ɗanyen naman dabbobi sai da izinin hukuma, kuma ana ɗibar samfur a gwada. Aka ga salmonela, kayan ba za su fita ba. Haushin da nake ji shi ne tsadar: duba lafiyar wannan ɗan tunku sau ɗaya a wajen likitan dabbobi, in ka juya kuɗin zuwa naira, sai ka fasa lissafin.