Soson bango mai gam a jiki: abin da hunturu, bazara da damina suka nuna a Gombe

Wannan soson da ake mannawa a bango, mai zanen bulo, wanda 'yan kasuwa ke kira 3D, ya cika shagunan kayan ɗaki a babbar kasuwar Gombe, kuma kusan duk jeren amaryar da aka yi kwanan nan sai an gan shi a bayan gado. Na gwada shi a bango biyu masu hali daban, ya ga hunturu, ya ga zafin bazara, ya ga damina. Hukuncina a kansa: kaya ne mai kyau ga bango guda ɗaya busasshe wanda aka gyara kafin a manna. Wanda ya saye shi don ya rufe bango mai danshi ko mai fenti mai gari, kuɗinsa ya zubar.

Girman da ya fi yawa a kasuwa shi ne santimita 70 da 77, wato falle ɗaya ya ɗan haura rabin murabba'in mita. Ɗakin da aka saba ginawa, ƙafa 12 da 12, faɗin bangonsa kusan mita 3.6 ne, tsayinsa zuwa silin kuma wajen mita 2.8. Falle 5 ne a kowane layi, layi 4, ya kama 20. A sayi 22, domin sai an ɓata ɗaya wajen soket ko kusurwa. A kuma tabbata daga kwali ɗaya suka fito. Farin wani kwali yakan fi na wani haske, a shago ba a lura, sai an kunna fitila da dare bambancin ya fito ɓaro-ɓaro.

Kauri ma abin dubawa ne. Akwai siriri na wajen milimita 3, akwai mai milimita 5 zuwa sama. Siririn ya fi araha, amma duk wani ƙuraje da ke jikin filasta sai ya nuna, mahaɗarsa kuma ba ta ɓuya. A danna shi da babban yatsa a gaban mai shago: in ramin ya ciko nan take, mai kyau ne, in ya zauna, a ajiye.

Inda mafi yawan mutane ke faɗuwa shi ne bangon da kansa. Fentin ruwa mai arha da ake shafa wa gidajen haya alli ya fi yawa a cikinsa, bayan shekara guda sai ya koma gari. Gam ɗin soson ba bango yake kamawa ba a irin wannan, garin yake kamawa, shi ya sa bayan mako biyu za a ga kusurwa ta fara ɗagawa kamar kunnen zomo. Gwajin ba wuya. A shafa tafin hannu, in ya yi fari to akwai aiki. A manna salatif a fizge; in ya taho da fenti, soson ma haka zai taho. Maganinsa a kankare duk fentin da ya saki, a bi da sanfefa, a cike tsaga da ramin ƙusa da garin POP, a goge ƙura da tsumma mai ɗan laima. Daga nan a dama farin gam na kafinta, irin su Top Bond, awo ɗaya da ruwa awo uku, a shafe bangon da burushi, a bar shi ya kwana. Wannan shafin shi ke ɗaure garin. Bangon da na yi wa haka har yanzu ko gefe ɗaya bai motsa ba, wanda kuwa tsumma kawai aka goga masa, layin sama ya fara saki tun kafin ruwan farko.

Sabuwar filasta a ba ta mako huɗu ta bushe, ko da simintin Ashaka mai kyau aka yi ta.

Danshi kuma babu dabarar da ke cinsa daga cikin ɗaki. In ƙasan bango yana fitar da farin abu kamar kanwa, ko fenti yana kumbura ƙafa ɗaya zuwa biyu daga daɓe, ruwa ne ke hawa daga tushe, ko na indararo ke dukan bangon ta waje. A manna leda mai faɗin tafin hannu biyu, a rufe gefunanta da salatif, a duba bayan kwana biyu. In ta yi gumi ta ciki, kada a manna komai. Soson ba ya barin iska ta wuce, sai ya kulle laimar a bayansa, a watan Agusta ɗaki ya ɗauki warin funfuna, bangon ya yi baƙi. Gara a kai kuɗin wajen gyara indararo da zuba dakalin siminti a gindin bangon ta waje.

Mannawar kanta aikin wuni guda ce ga mutum biyu. Kada a bi silin ko daɓe wajen jera layin farko, don da wuya a samu waɗanda suka miƙe. A ɗaura ƙaramin dutse a zare, a sake shi daga sama, a ja layi da fensir a bi shi. A ɓare takardar baya kamar taƙi guda tukuna, a daidaita, sannan a riƙa janye sauran ana dannawa da naɗaɗɗen tsumma daga tsakiya zuwa gefe. Kada a ja soson, yana miƙewa. In aka ja falle ɗaya, bulon na gaba ba zai haɗu da shi ba, kuskuren kuma ƙaruwa yake har ƙarshen bango. Yanka da sabuwar reza a kan katako, dakusasshiya yagawa take. Wajen soket a kashe wuta daga mita, a yanke daidai bakin murfin, kada a cusa soson ciki.

Zafin Maris da Afrilu, lokacin da Gombe ke taɓa digiri 40, shi ne babban gwajin gam ɗin. Bangon da ke kallon yamma yana shan rana tun azahar, har bayan isha'i yana da ɗumi, ga kwano a sama. A irin wannan bangon gam ɗin yana laushi, layin da ke kusa da silin ne ke fara zamewa. Ɗan gam na masu gyaran takalmi, a shafa siriri a gefuna huɗu na layin sama, yana riƙe shi, amma a fara gwadawa a guntun da aka yanke, a kuma buɗe taga saboda warinsa. Kusurwar da ta ɗaga a mayar da ita da wuri, domin kuɗin cizo da kyankyaso ba su da maɓoya irin wannan.

Ƙurar hunturu tana kwanciya a ramukan bulon, farin ya koma ruwan ƙasa cikin mako guda. Burushin fenti busasshe yana fitar da ita, sannan a bi da tsumma mai laima. Wanda ɗakinsa ke bakin titi ya ɗauki ruwan toka ko ruwan madara, ya bar fari.

Abin da ya fi damuna da shi wuta ce. Roba ne, yana narkewa yana kamawa. Uwargida ta nisanta kaskon turaren wuta da shi aƙalla taku biyu, haka maganin sauro na kunnawa, kyandir da dutsen guga. Hayaƙin turare ma yana mayar da shi rawaya, ba ya gogewa. Kicin kuwa kada ma a kai shi. Gidan da ke da yara masu rarrafe, a bar ƙafa uku na ƙasa a shafa fentin mai, don yaro na gano laushinsa zai fara tsinka da farce.

Ɗan haya ya nemi izinin mai gida tun farko. Cirewa tana tahowa da fenti, tana barin gam da ɓurɓushin soso, sai an ɗumama da na'urar busar da gashi, an goge da kananzir, an sake fenti. Saboda haka bango ɗaya ya isa, na bayan gado ko na bayan talabijin. Sauran ukun a yi musu fentin ruwa mai kyau shafi biyu. Bokitin lita 20 zai gama su har ya yi saura.