Jirgin rimot na batir ko mai injin nitro? Ɗauki na batir

Ɗan uwa, biyun nan da ka jero a matsayin jirgin farko, na fom mai batir da na katako mai injin nitro, ni duk na riƙe su. Ɗaya har yau yana tashi duk Asabar, ɗayan kuma yana rataye a sito gizo-gizo ya gama saƙa a jikinsa. Na batir ɗin za ka saya, amma bari ka ji dalili kada ka ce son zuciya ne.

Nawa irin wanda farfelarsa ke bayan fiffike ne tana turo shi, faɗin fiffiken mita 1.4, jikinsa fom ne EPO, kamar farin abin nan da ake tare talabijin da shi a kwali amma ya fi shi tauri sosai. Batir LiPo 3S (wato mai gida uku) 2200mAh, rimot kuma FlySky FS-i6. Babu wani ronin (lallaɓa sabon inji har ya saba) da ake yi wa motarsa tunda ba ta da buroshi balle fistin, ranar da ka haɗa ranar za ka iya tashi. Abin da ya ci min lokaci daren jajibiri shi ne saiti, na cire farfela tukuna (kar ka taɓa yin saiti da farfela a jiki, tana yanka kamar reza kuma ba ta sallama kafin ta tashi), na duba kowane motsi ɗaya bayan ɗaya ina tsaye a bayan jirgin. Ka tura sandar dama zuwa dama, ɗan marfin fiffiken dama ya ɗaga sama na hagu ya sauka. Ka jawo ta wajenka, na jela ya ɗaga. Wallahi a juye na samu nawa, da ban duba ba da ko daƙiƙa 5 ba zai yi a sama ba. Sai ma'aunin nauyi, ka ɗora shi a kan yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike daidai inda takardarsa ta nuna, yawanci wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaban fiffiken, ka yi ta matsar da batir har hancin ya ɗan rusuna kaɗan. In baya ya fi nauyi ba ya jin magana ko kaɗan, gara gaban ya ɗan rinjaya.

Ranar tashin farko bayan asuba na fita, lokacin iska ba ta farka ba, wata gona da aka gama girbi a bayan gari. Na kunna rimot kafin in jona batir, haka ake yi kullum, na sa ƙanena ya riƙe jirgin na yi taku kamar 30 ina motsa sanduna don in ga saƙo na kaiwa. Sai ya fuskanci iska ya cilla shi miƙe, ba sama ba, ni kuma hannuna sai rawa yake kamar mazari. Jirgin nan ya ɗan nutsa kamar zai sha ƙasa sai ya ɗago a hankali, kai, daɗin da na ji a lokacin ban san yadda zan kwatanta maka ba. Yana ta karkata hagu, na hau da shi sama sosai sannan na danna maɓallin tirim, mai gyara karkata, sau uku ko huɗu ya miƙe. Inda na sha kunya wajen dawowa ne, don in jirgi ya juyo yana fuskantarka hagunsa ta zama damanka, na ruɗe na kifa shi cikin kunyar gona, hanci ya lotse fiffike ya fita. Yaran da suka taru har sun fara "shi ke nan ya mutu". Ruwan zafi na zuba wa hancin a gida fom ɗin ya kumburo ya dawo, tsinken sakace biyu da gam da salatif, da la'asar sakaliya mun koma ya sake tashi. Farfela ko ƙwarzane ba ta yi ba tunda tana baya. To ka ga abin da nake nufi.

Shi kuwa mai injin, hmm. Ƙararsa da ƙamshin hayaƙinsa akwai daɗi, iska ma ba ta wasa da shi kamar na fom, iyakar yabon da zan masa ke nan. Injin 46 ne, wato 7.5cc, kuma dole ka yi masa ronin kamar sabon babur ko wanda aka sa wa ringi, ka ɗaure shi a ƙasa ka buɗe allurar mai ya riƙa sha da yawa yana hayaƙi, tanki biyu ko uku, kana bari yana hucewa, sannan ka riƙa rufe allurar kaɗan kaɗan. Man ma ba fetur ba ne, haɗin metanol ne da nitro da man shafawa kusan kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari, samunsa a nan aiki ne don ba a yarda a ɗauko shi a jirgin sama kamar sauran kaya. Ga kafiretarsa a buɗe take ba matatar iska, ka yi ronin cikin ƙurar hunturu kamar kana ɗura masa yashi ne. Ni gaggawa ta ci ni, na matse allura tun a tanki na biyu don in ji ya yi kuka sosai, yana tashi bai fi tsayin bishiyar darbejiya ba injin ya ɗauke. Katakon balsa in ya faɗi ba lotsewa yake ba, tsintarsa ake a leda.

Baka tambaya ba amma sai na faɗa maka, ka yi hattara da wasu masu sayarwa. Wani zai ɗora hoton jirgi da rimot da batir, kaya su iso ka tarar PNP ne, wato ba rimot ba batir ba caja, ya ce ai kai ne baka karanta ba. RTF shi ne mai komai a ciki, ka sa ya buɗe kwalin a bidiyo yana ambatar sunanka kafin ka tura ko sisi. Wani kuma abin wasan yara mai cana biyu (wato abu biyu kawai rimot ke sarrafawa) zai haɗa ka da shi ya ce cana huɗu ne, ka ce ya nuna maka fiffike da jela suna motsi. Batir nan ne aka fi cuta, ana manna takardar ƙarya a kan ƙarami, na gaskiya 3S 2200 nauyinsa na kaiwa wajen giram 180, in ka ji shi shafal ka ajiye masa kayansa. Wanda ya kumbura kamar fanke ko kyauta ne kar ka karɓa, wuta yake kamawa. In ma ka nace sai mai inji na hannu, juya farfela da hannunka, in baka ji ta cije lokacin da fistin ya kai sama ba injin ya gama yawo, duk rantsuwar da mai shi zai yi.

Batir ɗin cikarsa 12.6V ne, wato 4.2 kowane gida, ka sa agogo minti 6 a tashin farko duk da zai iya kaiwa 10, don ka samu rarar sake zagayowa in saukar ta ƙi. In zaka ajiye shi kwanaki ka bar shi a 3.8 kowane gida, kada ka bar shi cikin mota a zafin Afrilu, kuma kada ka jona caji ka tafi masallaci. Fili ka nemi wanda ya yi nisa da filin jirgi da barikin soja da wayoyin wuta, yanzu jami'an tsaro duk abin da ke shawagi duron suke ɗaukarsa, yara kuma ko ta ina sai sun ɓullo, ka tara su a bayanka kafin ka cilla.

Ka sayi batir biyu da farfela biyu ta ajiya tun yanzu. In kayan sun iso turo min hoton kan wayar batir ɗin kafin ka jona komai, in ga XT60 ne ko wani iri, don nawa sai da na yi masa sodar sabon kai.